Tiyon direksiyon ya fara yoyo? Ga yadda nake canza shi a gida

Jama'a in ka tashi da safe ka tarar da jan mai ya ɗiɗɗiga ƙarƙashin gaban mota, kuma duk sanda ka murɗa volan sai ka ji wani kuka "wuuu" daga cikin kapo, to galibi tiyon direksiyon ne ya gaji. Zafin Yamai na watan Afrilu ga na moter, roba dole ta bushe ta tsattsage. Amma fa wannan zance na motocin da ke da pompi ne irin tsofaffin Corolla da Carina da Hilux, sababbin Yaris da Corolla direksiyon nasu na lantarki ne, babu mai babu tiyo.

Manyan tiyon biyu ne, a nan mutane ke ruɗewa. Akwai mai kauri da ke fita daga pompi zuwa karamayer, wato dogon ƙarfen nan da ke juya tayoyin gaba in ka murɗa volan, bakinsa ƙarfe ne da aka matse da inji, shi ke ɗaukar ƙarfin man wanda yakan kai bar 80 a ma'aunin matsi ko ma fiye. Sai na komawa, wanda ke maido mai cikin ɗan bokal, shi kolye kawai ke riƙe shi. Na komawa ko yaron gareji zai canza maka. Mai ƙarfin kuwa don Allah kar ka ɗaure shi da robar tube. Ni na taɓa yi, kwana biyu ya yi mini, ina tsakiyar gadar Kennedy zan je Harobanda ya fashe, volan ya koma kamar dutse ga masu kabu-kabu ta ko'ina, Allah ne ya kiyaye man bai kama wuta a kan eshapma ba.

Kafin ka kwance komi wanke wurin ka goge, ka tada mota wani ya murɗa maka volan kai kana kallo, don wani lokaci tiyon lafiya lau, rondel ce, ɗan zoben da ke hana bakin yoyo, ko jikin pompin ke zuba. In ka tabbata shi ne, kashe mota ka bari ta huce sosai. Ɗauki hoton yadda tiyon ya bi da wayarka, wallahi zai yi maka amfani in an zo ɗaurawa.

Kaya: kile 10 da 12 da 14 da 17, a Toyota dai su ne kan yi aiki, sai pens, sirinji babba, bidon da aka yanke, tsumma, leda mai tsabta, da mai lita guda. In za ka samu kile ɗin nan mai tsaga a baki da ake kwance tiyon fren da shi ya fi, don kile na banza yana cinye kan ekuru, in ya cinye kuma ka shiga uku.

Ɗaga gaban mota da kirik, ja fren na hannu, sa dutse bayan tayoyin baya. Gidajenmu yashi ne, sa katako mai faɗi ƙarƙashin kirik ɗin, kuma ka tokare motar da shandel, wato ƙafar ƙarfen da ake ɗora mota a kai, ko gungume mai ƙwari. Kar ka shiga ƙarƙashi kirik kaɗai na riƙe da ita ko da minti ɗaya ne. Cire kan batir na mayinus tunda a wasu motocin kusa da altanato za ka yi aiki.

Zuƙe man bokal da sirinji. Tara bidon a ƙasa, ka fara kwance bakin ƙasa na wajen karamayer man ya tsiyaye, sannan na sama. Na wajen pompi sau da yawa bulon ne mai rami a ciki da rondel biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wani tiyon yana da ɗan fish na lantarki, zare shi a hankali. Sai ƙananan bulon da ke manne tiyon a jikin mota. Da ka cire, nan take toshe ramukan da leda, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi, ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta ci pompi da juwan, wato robobin hana yoyo, na karamayer, kuma kuɗinsu ya ninka na tiyo nesa ba kusa ba.

Tafi da tsohon a hannunka wajen masu piyes, ko Katako ne ko ina, ka jera su ka duba tsawo da lanƙwasa da zaren bakin. Sunan mota kaɗai ba ya isa, motocinmu da suka shigo ta Kwatano wata ta Turai ce wata ta Amurka. Na kas, wanda aka ciro daga tsohuwar mota, yana da araha amma shekarunsa ɗaya da naka, ni ban cika so ba, in dole ne lanƙwasa shi ka ga ko robar na tsagewa. Rondel kam sabbi, tsofaffin sun riga sun matsu.

Wajen ɗaurawa fara kowane baki da yatsu, ya shiga zagaye uku huɗu sumul kafin kile ya taɓa shi. In ya cije tun farko to ya karkace, warware ka sake. Jikin karamayer alminiyom ne a motoci da yawa, zarensa ba ya son ƙarfi, a ɗaure ya kama shi ke nan. Duba kar tiyon ya murɗe ko ya taɓa kurwa ko eshapma.

Mai kuma karanta murfin bokal. Tsofaffin Toyota jan man ATF Dexron suke sha, Honda nata daban ne, wasu na Turai kore suke so. Man fren kar ya kusanci wurin, zai lalata robobin duka.

Saura fitar da iska, kuma nan ne masu gaggawa ke kashe pompi. Cika bokal, tayoyi na sama, mota a kashe amma ka buɗe kontak don volan ya saki. Murɗa a hankali dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, kamar sau ashirin, kana ƙara mai duk sanda ya sauka. Za ka ga kumfa na tasowa. In ta daina mayar da batir, tada mota ƴan daƙiƙu ka kashe ka duba, kar bokal ya taɓa zama wayam. Sake tadawa ka murɗa, amma kar ka danne volan a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar. In man ya yi kumfa fari-fari bar shi rabin awa ya kwanta ka maimaita.

Kukan ya tafi? Sauke mota, wanke man da ya zuba a kurwa da altanato, zaga unguwa ka dawo ka shafa bakunan da farin tsumma. Kwana da kwali a ƙarƙashinta, da safe ka duba kwalin ka kuma duba man yana tsakanin MIN da MAX. Tsohon man a zuba a bidon a kai wa masu vidanj, kar a kwarara shi a tsakar gida inda yara da awaki ke yawo.