Ga masu niyyar zuwa Yamai hutu

Salamu alaikum ƴan uwa na Maradi. Wanda zai kai iyali Yamai, ga ƴar shawara. Ku shiga motar sassafe, tafiyar ta haura kilomita 600, ta Konni, Dogon Dutsi da Doso, yini guda ce cur. Katin ɗan ƙasa ya zauna a aljihu, kar a cusa shi cikin jaka.

In kwana ɗaya gare ku, ku ba gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Akwai zaki, kura da dorina, ga ƙasusuwan manyan dabbobin dā da aka tono a yankin Agadas. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gungumen itacen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai tsakiyar hamada har mota ta kaɗe shi a 1973. Ku je da hantsi, zafin Yamai ba wasa ba.

Da la'asar sakaliya sai gadar Kennedy, ku ga faɗuwar rana bisa kogin Isa. Babbar kasuwa kuwa, mu da muka tashi a garin fatake, a ganina leƙawa ta isa.

Kuma ku riƙe "fofo", gaisuwar Zabarmawa, tana sassauta ciniki.