Yadda zaka zaɓi otal mai babban suna a Istanbul, cikin gari ko kusa da filin jirgi

Mutanenmu masu zuwa Turkiyya saro kaya ko ganin likita ko masu canjin jirgi kawai, tambayar da suke yi kusan guda ɗaya ce, wai wane otal ne mai kyau, Hilton ko ibis ko Ramada. Ni kuma abun da nake fara tambaya shine me zakaje yi, kuma ƙarfe nawa jirginka zai sauka, ƙarfe nawa zai tashi. Don wallahi a gari irin Istanbul unguwar da otal yake ta fi sunan da aka rubuta a jikin ginin muhimmanci, mutum zai iya kama ɗaki mai kyau kamar me amma ya ƙare rabin kwanakinsa a cikin tasi yana kallon mita tana cin kuɗinsa.

Fara da tikitinka. Ɗauko shi ka duba haruffa ukun nan na filin jirgi. Idan kaga IST to sabon babban filin ne da yake Arnavutkoy ta ɓangaren Turai, wanda aka buɗe a watan Oktoba 2018, kuma daga shi zuwa tsakiyar tsohon gari wajen kilomita 40 ne. Idan kaga SAW to Sabiha Gokcen ne, shi kuma yana can ɓangaren Asiya wajen Pendik, sai ka tsallake ruwa. Tsakanin filayen biyu ya haura kilomita 70, saboda haka otal ɗin da yake kusa da ɗaya bashi da wani amfani ga mai tashi daga ɗayan.

Sai kuma tarkon da yafi kama mutane, dan Allah a kula da wannan sosai. Akwai tsohon filin jirgi na Ataturk wanda aka daina saukar jiragen fasinja a cikinsa tun Afrilu 2019, amma otal otal ɗin da aka gina a kewayensa, wajen Yesilkoy da Bakirkoy da Gunesli, suna nan, wasu har yanzu da kalmar filin jirgi a sunansu ko a bayanin da suke sawa a intanet. Mutum zaiga suna babba ga farashi mai sauƙi ga an rubuta kusa da filin jirgi sai ya danna ya biya, sai ya sauka IST direba yace masa ai tafiyar kusan awa guda ce. Maganin abun bashi da wuya. Kwafi adireshin otal ɗin kasa a Google Maps, ka auna daga filin da yake kan tikitinka, kuma ka auna a irin lokacin da zakayi tafiyar, don hanyar da take minti arba'in da asuba zata iya ninkawa da yamma idan an tashi daga aiki.

To idan canjin jirgi kawai zakayi fa? Nan maganar biza ce gaba da komai. Idan baka da bizar Turkiyya babu zancen fita, duk otal ɗin da yake wajen filin jirgi ko da taku goma ne daga ƙofa ba naka bane, don sai an buga maka hatimi a fasfo kafin ka isa gareshi. A IST akwai otal mai suna YOTEL a cikin ginin filin jirgin kansa kuma kashi biyu ne, ɗaya ta waje kafin shige da fice, ɗayan kuma da ake kira YOTELAIR yana ciki inda masu jiran jirgi suke. Mara biza na ciki zai kama, kar ka kuskura ka biya na waje. Ɗakunan ƙanana ne kuma da tsada gaskiya, amma ana iya kamawa na 'yan awanni, kayi wanka kayi sallah ka miƙe bayanka, musamman idan kana tare da tsoho ko mara lafiya ko Hajiya da ƙananan yara, ni a ganina wannan kuɗin ba asara bane. Ka tuna kuma manyan jakunkunanka suna wajen kamfanin jirgi, saboda haka kayan canzawa da magani da buroshi su kasance a jakar hannu.

Idan kuma kana da biza kuma da Turkish Airlines kake tafiya, kafin ka biya ko sisi ka bincika, don suna bada otal kyauta ga wanda jiransa ya kai awa 12 a kujerar talakawa ko awa 9 a babbar kujera, in dai tsarin jiragensu ne ya jawo jiran ba kai ne ka zaɓi tsallake jirgin da yafi kusa ba. Akwai teburin da ake zuwa bayan an fito. Mutane da yawa basu san da wannan ba sai su kwana kan kujera.

Mai kwana ɗaya da zai tashi da sassafe, shi ne otal ɗin kusa da filin jirgi ya dace dashi, irinsu Hampton by Hilton da yake Arnavutkoy. Amma kusa ɗin nan ma ba wai da ƙafa zaka taka ba, filin yana da girma ƙwarai, sai an shiga mota. Ka tura musu saƙo ka tambaya ƙarara, akwai motar otal mai ɗauko baƙi? kyauta ce ko ana biya? ƙarfe nawa take fara aiki, kuma a wace ƙofa take tsayawa? Kar ka ɗauka tunda sunan babba ne dole akwai mota kyauta, ba dole bane sam.

Yanzu ga masu shiga gari, wanda nasan sune suka fi yawa a cikinmu. Ɗan kasuwar da yazo saro kayan sawa da jakunkuna da takalma da abayoyi harkarsa tana Laleli da Aksaray da Beyazit, wani kuma Merter ko Osmanbey, mai neman kayan fata kuma Zeytinburnu. Idan Laleli ce kasuwarka to ka kwana inda zaka iya takawa da ƙafa zuwa shaguna da ofishin masu kago, shikenan. Akwai DoubleTree by Hilton da Crowne Plaza a wannan yankin na tsohon gari, ga jirgin ƙasa na kan titi mai lamba T1 yana ratsa Aksaray da Laleli da Beyazit har Sultanahmet da Eminonu, ga masallatai ko ta ina, masallacin Laleli yana nan bakin titi, Sulaimaniyya ma ba nisa, ba zaka rasa jam'i ba. Mai zuwa Merter kuma akwai Ramada a can, sannan ibis da Novotel suna Zeytinburnu ta bakin teku. Wanda Osmanbey ce tasa sai ya nemi wajen Sisli ko Taksim a kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba M2. Taksim akwai daɗin yawo amma akwai hayaniyar dare da mashaya, mai iyali ya sani.

Mai zuwa asibiti shi lissafinsa daban ne, ya tambayi asibitin a wane ɓangaren ruwa suke tukunna, da yawansu ma suna da otal ɗin da suke hulɗa dashi da mota mai kai mara lafiya. Kar a sa wanda aka yiwa aiki tsallake gada kullum saboda an samu ragin kuɗi kaɗan.

Zuwa gari daga IST akwai hanya uku. Motocin Havaist manyan bas ne masu wajen kaya a ƙasa kuma akwai mai zuwa Aksaray da mai zuwa Taksim, ga mai jakunkuna su nafi so. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa M11 da aka buɗe a 2023, yanzu yana kaiwa Gayrettepe inda zaka canza zuwa M2 ka sauka Osmanbey ko Taksim ko Vezneciler wanda yake dab da Laleli, yana da sauri baya shiga cunkoso amma wajen canjin akwai doguwar tafiya da hawa da sauka, da akwati uku zaka sha wuya. Sai tasi, ka tabbata an kunna mita. Daga Sabiha Gokcen kuma layin M4 ya isa filin tun 2022. Ka sayi Istanbulkart tun ranar farko, kati ɗaya ne na bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa.

To shi babban sunan me yake saya maka? Abun da mutane basu cika sani ba shine yawancin waɗannan otal ɗin ba kamfanin ne ya mallaki ginin ba, wani attajiri ne na garin ya gina sai ya ƙulla yarjejeniya ya ɗauki sunan da tsarin aikinsu, kamar dai gidan mai da zaka gani da tambarin babban kamfani amma na wani Alhaji ne. Shi yasa zakaga Ramada biyu a gari ɗaya, ɗaya sabo fil ɗaya kuma kafet ɗinsa ya gaji. Abun da sunan yake baka shine akwai ƙa'idar da ba'a sauka ƙasa da ita ba, zanin gado mai tsabta, ruwan zafi, wani a risefshan ko ƙarfe uku na dare mai jin Turanci, rasit na gaskiya da takardar bukin da ofishin jakadanci zai yarda da ita, sannan idan an cuceka akwai uwar kamfani da zaka kaiwa ƙara. Ga wanda zuwansa na farko kenan, ko mace mai tafiya ita kaɗai, wannan kwanciyar hankalin tana da daraja.

Kuma kowane kamfani hawa hawa ne. A wajen Accor ibis ne na ƙasa, Novotel da Mercure tsakiya. A wajen Hilton akwai Hampton, sai Hilton Garden Inn, sai DoubleTree, sai Hilton ɗin kansa. Holiday Inn da Crowne Plaza na IHG ne, Ramada na Wyndham. Ɗakin ibis tsaf yake amma ƙarami ne, gado da ɗan tebur da banɗaki, idan ku biyu ne da buhunan kaya ba inda zaku shimfiɗa sallaya, saboda haka ka duba faɗin ɗakin da suke rubutawa a mita, kar ka tsaya kan hoto don hoton kullum na ɗakin da yafi kowanne ne. Hampton su a tsarinsu karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki, sauran kuwa sai ka karanta, wani farashin da abinci wani babu.

Zan faɗi gaskiya kuma, ga ɗan kasuwar da ya saba da Laleli, wani lokacin ƙaramin otal na unguwa yafi masa. Su sun saba yaran shago su riƙa shigowa da ƙullin kaya ana ajiyewa a ƙasa, manyan kuwa ba kowanne ne zai yarda a cika masa harabar shiga da buhuna ba, kuma baƙon da zai hau ɗakinka sai ya bada katin shaida. Idan ka zaɓi babba to ka shirya da masu kago su riƙa karɓar kayan kai tsaye daga shago.

Wajen biya akwai abubuwan lura. Farashi iri biyu zaka gani, mai araha wanda in ka fasa kuɗinka ya tafi, da mai ɗan tsada wanda zaka iya sokewa. Indai bizarka bata fito ba kar ka taɓa na farkon, komai arharsa. Ka duba farashi a Booking.com ko makamantansa sannan ka buɗe manhajar kamfanin kanta ka gwada, Hilton Honors da ALL na Accor da IHG One Rewards da Wyndham Rewards duk shiga kyauta ne, suna ɗan rage wa mamba kuɗi, kuma makin da suke tara wa mamba baya taruwa sai ka kama ɗakin ta wajensu kai tsaye. Wani abu kuma da yake ba mutane mamaki, tun 2017 kotu ta hana Booking.com sayar da ɗakunan Turkiyya ga wanda yake cikin ƙasar, wato daga Kano ko Yamai zaka iya kamawa lafiya lau amma idan ka sauka kace bari in ƙara kwana biyu ko in canza otal sai kaga abu yaƙi, to a nan manhajar otal ɗin ko zuwa risefshan ne mafita. Ka duba kuma ko haraji yana cikin farashin, don tun farkon 2023 akwai harajin kwanan otal.

Ranar shiga zasu karɓi fasfon kowa da zai kwana a ɗakin, kuma galibi zasu riƙe wani kuɗi a katinka na ko ta kwana, sai ka fita su sake shi, wani lokacin ya ɗau kwanaki kafin ya dawo. Kar ka dogara da katin naira shi kaɗai, ka tambayi bankinka iyakar abun da zaka iya kashewa a waje, ka riƙe katin dala ko tsabar dala ko yuro a hannu. Idan da katin wani aka biya, misali ɗanka ne ya kama maka daga gida, a sanar da otal ɗin tun kafin ka taso don wasu sai sun ga katin da idonsu.

Lokacin bada ɗaki yawanci ƙarfe biyu ko uku na rana ne, fita kuma sha biyu. Idan jirginka da asuba zai sauka to ko ka roƙi a baka da wuri, wanda sai in akwai ɗakin da ba kowa a ciki, ko ka biya daren da ya gabata ka rubuta musu cewa da safe zaka iso don kar su ɗauka baka zo ba su soke. In ba haka ba ka ajiye kaya a wajensu kyauta ka shiga kasuwa.

Sharhin baƙi kuma kar ka kalli taurari kawai, ka jera su daga sabo zuwa tsoho ka karanta na watanni ukun baya, ka nemi masu ƙorafi. Idan mutum biyar daban daban sunce ƙarar titi ko na'urar sanyaya ɗaki bata aiki to gaskiya ne. Ka roƙi ɗaki a sama wanda baya kallon babban titi. Banɗaki kam ba matsala, a Turkiyya masai yana zuwa da ɗan famfon tsarki a jikinsa. Abinci ma galibi ba damuwa, amma ƙaramin firij ɗin ɗaki yakan zo da giya a ciki kuma komai na cikinsa da tsada, kana iya cewa su kwashe kafin ka shiga, sallaya ma idan ka tambaya wurare da yawa suna kawowa. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, mutanen Nijar cajarsu zata shiga, mu na Najeriya masu ƙafa uku sai mun taho da adafta.