Yadda Ake Sarrafa Igwa a Wasan Napoleon: Total War

Wasan kwamfuta na Napoleon: Total War, wanda kamfanin Creative Assembly ya fitar a shekarar 2010, ya ba igwa matsayin da ya dace da ita, domin Napoleon kansa hafsan igwa ne tun asali, kuma da ita ya fara yin suna lokacin da aka yi wa birnin Toulon ƙawanya a 1793. Duk da haka, sababbin 'yan wasa da yawa sukan jera igwoginsu can bayan runduna, su ƙyale su suna ta ɓarin wuta a kan abin da suka ga dama, daga baya su ce ba su ga amfaninsu ba. A ganina, mafi yawan aikin igwa ana yin sa ne tun kafin a yi harbin farko, wato wajen zaɓen inda za a kafa ta.

Runduna guda ba ta wuce rukuni 20 a wannan wasa, saboda haka kowane gurbi yana da tsada. Rukuni uku zuwa huɗu na igwa sun ishe ka. Igwa mai laba 12, wato mai harba dunƙulen ƙarfe mai nauyin laba 12, tana da ƙarfi da nisan zango, sai dai tana da nauyin tafiya, yayin da igwar dawaki, wadda ba ta kai ta ƙarfi ba, take iya bin mahaya duk inda suka nufa. Akwai kuma hawitsa, mai gajeren baki, wadda ke cilla harsashi sama ya faɗo ya fashe, kuma ita ce maganin maƙiyan da suka laɓe a bayan tudu ko cikin gidaje.

Lokacin jera sojoji, kada ka yarda da abin da kake gani daga sama. Ka sauko da kyamara har ƙasa, daidai bakin igwar, ka duba abin da masu harbin za su gani da idonsu. Sau da yawa ɗan tozon ƙasa da ba ya fitowa daga sama shi ne zai riƙa shanye harsasanka har a tashi daga yaƙin. Tudu yana da kyau, amma mai sauƙin gangare ake so, domin dunƙulen ƙarfen da igwa ke harbawa ba inda ya fara sauka kaɗai yake ɓarna ba, yakan yi tsalle a ƙasa ya ci gaba da keta sahu. Idan tudun ya cika tsayi, harsashin yakan nutse a wuri guda. Wannan ba ƙirƙirar masu wasan ba ce: a yaƙin Waterloo, ranar 18 ga Yuni 1815, ruwan da aka kwana ana yi ya jiƙa ƙasa har ya rage tsallen harsasan Faransawa, ga shi kuma Wellington, kwamandan Birtaniya da ke yaƙar su, ya ɓoye yawancin dakarunsa a bayan tudu.

Wurin da na fi amincewa da shi shi ne cikin sahun dakaru kansa, igwa a tsakiya, rukunin dakaru a damanta, wani a hagunta. Ta haka gabanta a buɗe yake, ba za ta harbi mutanenka ta baya ba, kuma duk wanda ya tunkaro ta sai ya sha wutar bindigogi daga gefe biyu. Da zarar an kwance dawakan da ke jan ta an kafa ta, sake ɗaura su yana cin lokaci, kuma idan aka kashe dawakan, igwar ta zauna ke nan a wurin.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne sanin lokacin sauya harsashi. Muddin maƙiya suna nesa, dunƙulen ƙarfe za ka yi amfani da shi, kuma ka zaɓa masa abin hari da kanka. Sahun dakaru siriri ne idan ka fuskance shi, saboda haka harbi ta gaba mutum biyu ko uku kawai yake ɗauka, amma idan ka samu kusurwar da harsashi zai shiga ta gefen sahu ya bi tsawonsa, harbi guda zai zubar da mutane masu yawa. Da sun shigo cikin ɗan gajeren zangon da wasan ke zana maka a ƙasa, sai ka koma harsashin gwangwani, wanda ke fashewa a bakin igwa ya watsa ƙananan dalma. Ka yi sauyin kafin su iso, domin ɗura igwa yana ɗaukar lokaci, kuma jinkirin 'yan daƙiƙoƙi ya isa mahaya su cim ma masu harbinka. Harbi biyu na gwangwani a kusa sukan karya zuciyar rukuni guda ya juya da gudu. Janar Sénarmont na Faransa ya nuna haka a yaƙin Friedland a 1807, inda ya yi ta matsawa da igwa kusan 30 har gab da sahun Rashawa yana zuba musu gwangwani. Idan kuwa dakarunka suka ci gaba suka shiga gaban igwa, wajibi ne ka kashe umarnin da ke barin igwa ta yi harbi da kanta, in ba haka ba naka za ka hallaka.

Igwa da mahaya kuma abokan aiki ne. Dakaru idan suka hango dawaki sukan dunƙule su yi murabba'i, tsarin da doki ba ya iya ketawa, amma wanda ke tara mutane wuri guda ba motsi. Ka kawo mahayanka kusa yadda za su tsorata su, kada ka kai hari, sannan ka juyar da igwoginka duka kan wannan murabba'in. Haɗa wuta a kan wuri guda ya fi rarraba ta, kuma dabarar Napoleon ke nan a yaƙin Wagram a 1809, inda ya tara igwa fiye da 100 a fage ɗaya.

Game da igwogin abokan gaba, ba na ba da shawarar a ɓata lokaci ana musayar wuta da su daga nesa, domin samun su da wuya, kuma duk harsashin da ya tafi can dakarunsu sun tsira daga gare shi. Gara ka jira har sahunsu ya matso ya bar su a baya, sannan ka zagaya da mahaya marasa nauyi ta bayan kurmi ko kwari, ka auka musu ta gefe ko ta baya, ba ta gaba ba, inda gwangwani ke jiran ka. Kwamfuta ma takan yi maka irin wannan, shi ya sa ya kamata ka ajiye rukunin mahaya guda a bayan igwoginka tun daga farkon yaƙi har ƙarshensa.