Yadda na kawo ƙarshen ja-in-ja a kan tarihin Abubakar Imam

Sau biyu ina gyara shekarar Ruwan Bagaja a tarihin Abubakar Imam na Wikipedia ta Hausa, sau biyu wani edita yana mayar da ita. Ni in rubuta 1934, shi ya dawo da 1933. Har raina ya fara ɓaci, amma da na duba da kyau sai na ga laifin nawa ne, domin ban taɓa saka madogara ba, ban kuma yi masa magana ba.

Sai na rubuta masa a shafin tattaunawa: "Malam, don Allah ina ka samo 1933?" Washegari ya amsa. Ashe kowa da gaskiyarsa. A 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai da Imam ya shiga, littafin kuwa a 1934 aka buga shi. Muka raba jimlar gida biyu, gasa daban, bugu daban, kowacce da madogararta har lambar shafi.

Tunda hannu ya riga ya shiga, muka gyara wani wuri da aka ce Imam ne ya kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo. Hukuma ce ta kafa jaridar a 1939, shi kuma ya zama editanta na Hausa. Na kuma cire "gwarzon gwarzaye" daga sakin layi na farko, ko da yake, tsakani da Allah, sai da na ɗan yi jim kafin in goge.