Yadda Ake Gane Zamanin Dardumar Makiyaya

Mai son sanin lokacin da aka saƙa dardumar ƙabilun makiyaya na Ƙashƙa'i, Baluc ko Turkumen, ya fara kife ta ya duba baya. Makiyayan Iran da Afganistan suna saƙa ne a kan masaƙar da ake shimfiɗawa a ƙasa, a tuge ta in za a tashi, a sake kafawa a sabon zango. Shi ya sa tasu ba ta cika faɗi ba, kuma sau da yawa gefe ɗaya ya ɗan karkace. Zaren tsayenta na gashin tumaki ne. In ka ga auduga fara tas, to alama ce ta aikin ƙauye ko gari, kuma irin wannan ya yawaita bayan sarkin Iran Reza Shah ya tilasta wa ƙabilu zama wuri ɗaya a shekarun 1930.

Sai launi, kuma nan ne aikin yake. Masaƙan da suna samun ja daga saiwar wani tsiro da Farisawa ke kira runas, shuɗi kuma daga baba. A 1856 aka ƙirƙiro rinin sinadari na farko a Ingila, ba a daɗe ba ya isa kasuwannin Gabas. Buɗa gashin dardumar da yatsu biyu ka leƙa gindin ƙulli. Idan can ƙasa jan garura ne mai haske amma saman ya koma toka-toka, rinin sinadari ne na farko-farko, wanda rana ke cinyewa. Rinin saiwa yana laushi ne kawai, ba ya rikiɗa. Goga farin ƙyalle mai danshi a kan jan. In ya kama, rinin bai zauna ba. Shuɗi kuwa kada ka wahalar da kanka, baban masana'anta da na gona ido ba ya raba su.

Shafa tafin hannu a kan baƙaƙen layuka. A tsohuwar darduma za ka ji sun lotsa, domin da ƙarfe ake kama baƙin rini, shi kuma yana cin ulu a hankali. Canjin launi a tsakiyar darduma shi ma ba aibi ba ne: ulun da aka rina ne ya ƙare, aka rina wani.

Zane ma yana magana. Tankar yaƙi ko jirgi mai saukar ungulu a dardumar Baluc na nufin bayan shigar sojojin Sobiyet Afganistan a 1979.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne ɗaukar rinin tsiro a matsayin shaidar tsufa. Tun 1981 DOBAG, wani shiri na farfaɗo da rinin gargajiya a saƙar darduma, ya dawo da shi ƙauyukan yammacin Turkiyya, wasu ma suka bi sahu. Don haka sabuwa fil ma tana iya zuwa da jan saiwa. Sai ka haɗa da zaren tsaye, lotsawar baƙi da yadda geza ta ci ƙasa.