Yadda Ake Samun Rangwame a Yankin Tattalin Arziki na Musamman, da Yadda Ake Kiyaye Shi

Tun da aka buɗe yankin Shannon a ƙasar Ayilan a 1959, Sin kuma ta kafa na Shenzhen a 1980, gwamnatoci ke keɓe wurare suna sassauta haraji da kuɗin kwastan domin jawo masana'antu, har hukumar kasuwanci da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNCTAD, ta ƙirga irin waɗannan yankuna kusan 5,400 a 2019. Sai dai duk rangwamen da aka yi maka a cikinsu da sharaɗinsa yake zuwa, kuma sharaɗin ne ya kamata ka fara bincika.

Ka nemi ainihin dokar da ta kafa yankin ka karanta tare da lauya, kada ka dogara da takardar talla. Ka gano shekara nawa za a ɗauke maka haraji, wace sana'a lasisinka ya halatta, da abin da zai sa a janye sassaucin. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda harajin kamfanoni na kashi 9 cikin ɗari ya fara aiki a 2023, kamfanin da ke cikin irin wannan yanki ana yafe masa haraji a kan kuɗin shigar da ya cancanta kaɗai, muddin yana da ma'aikata da aiki na zahiri a wurin, an kuma binciki asusunsa. Wanda ya saɓa yakan rasa wannan gata na shekara biyar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen kwastan. Ɗanyen kayan da ka shigo da su ba tare da biyan kuɗin fito ba amana ce a hannunka, don haka ka rubuta abin da ya shigo, da wanda aka sarrafa, da wanda ya lalace, da wanda ya fita, ta yadda lissafin littafi zai dace da abin da ke cikin sito a duk ranar da jami'ai suka zo. A ganina, ma'ajin da ya san aikinsa ya fi wa irin wannan kamfani amfani fiye da manyan ofisoshi. Ka kuma sani cewa a yawancin ƙasashe, kayan da suka bar yankin zuwa kasuwar cikin gida ana ɗaukarsu tamkar daga waje aka shigo da su, dole a biya musu kuɗin fito, saboda haka ka sa wannan cikin farashinka tun farko.

Dokokin ƙwadago, da na muhalli, da na yaƙi da halatta kuɗin haram galibi suna aiki a cikin yankin kamar yadda suke a waje.

Idan kamfaninka reshe ne na rukunin kamfanonin ƙasa da ƙasa da kuɗin shigarsa ya kai Yuro miliyan 750 a shekara, ka duba tsarin mafi ƙarancin haraji na kashi 15 cikin ɗari da aka amince da shi a 2021 ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, wato OECD, domin abin da aka yafe maka a yankin, wata ƙasar na iya karɓarsa. A irin wannan hali, tsayayyar wutar lantarki da saurin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa su ne abin da ya fi dacewa ka auna kafin ka sa hannu.