Yadda Ake Haɗa Takin Gargajiya Ba Tare da An Zuba wa Gona Guba Ba

Sababbin manoma sukan kwaso juji yadda yake su zube a gona, wai sun sa taki. Abin da ya ruɓe a ciki taki ne, babu musu. To amma ledar fa, da tsohon batir, da fasassun kwalabe, da tsumman da aka goge baƙin mai da shi? Su za ka fara fitarwa, kuma rabin aikin ke nan.

Ka baza sharar a ƙasa tun tana bushe, ka sa safar hannu, ka tsince. In ka bari ta jiƙe, leda ta manne da komai, ba za ta fita ba. Batir ko ɗaya kada ya wuce. Na mota dalma ce a cikinsa, wasu ƙananan masu caji kuma suna da kadmiyom. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa, zafin taki ba ya taɓa su. Suna nan zaune a ƙasar sama shekara da shekaru, ganye da saiwa su ɗauka, ƙura ta kai su bakin yara. Inda ka tarar batir ya riga ya fashe, ka haƙura da wannan ɓangaren gaba ɗaya. Kada kuma ka yi dabarar cinna wa juji wuta don leda ta ƙone. Tokar roba da ta taya guba ce, ga shi abin da zai zama taki ya tafi a hayaƙi. Jujin bayan garejin kanikawa, majema ko masana'anta kuwa, ko kyauta aka ba ka, bar shi a wurin.

Sai tarawa. Ka nemi inuwa, ka shimfiɗa kara a ƙasa kamar kamu ɗaya don iska ta shiga. Ka riƙa jerawa hawa-hawa: busasshen ganye da ƙaiƙayi kashi 3, ɗanyar ciyawa da kashin dabbobi kashi 1. Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi, a rage masa hannu. Tokar itace a barbaɗa kaɗan, don in ta yi yawa naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata daga taki, sai ya tsere a iska. Tsibin ya kai mita 1 a tsawo, faɗi da tsayi, ƙarami ba ya riƙe zafi.

Kowane hawa ka yayyafa ruwa. Ka damƙi taki ka matse: in ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ya yi. In ya tsiyaya, ya yi yawa, zai yi ɗoyi, ka ƙara busasshe. Bayan kwana 3 ka soka rodi a tsakiya, ka bar shi ɗan lokaci, ka zaro. Ya kamata ya yi zafin da ba ka iya riƙewa da daɗewa, wato digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawancin irin ciyawa. In rodi ya fito da sanyi, ko ruwa ya yi kaɗan ko kashin dabbobi.

Ka juya duk mako 2, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya huce, ya yi ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ka tankaɗe da ragar waya, za ka sha mamakin guntayen ledar da suka tsere maka. In ka zuba a gona ka rufe da ƙasa, kada ka bar shi a rana.